Sha'aibu Mai Hura Boila

Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, in ya bi ta bakin kara inda ake shigo da shanu, zai wuce wani siririn mutum zaune a kan buhu da tarin igiyoyi a gabansa. Akwai ta ɗaure sa, akwai ta akuya, akwai dabaibayin raƙumi. Sunansa Sha'aibu, mutumin Ɗanzomo ne, amma 'yan kara Boila suke ce masa, shi kuma yana amsawa. Shekarunsa arba'in da biyu, in ka gan shi sai ka ƙara masa goma. Ba ya kiran masu saye kamar sauran 'yan igiya, kuma in ka yi masa tambaya a gutsure amsar take zuwa: ya faɗi kalma uku, ya tsaya ya ja numfashi, ya ƙara biyu. Baƙi kan ɗauka jan aji ne. Waɗanda suka san shi sun san ƙirji ne.

Su biyu ne suka rayu a cikin 'ya'yan mahaifiyarsu, shi da wansa. Wan sunansa na yanka Habibullah, amma da yatsu shida aka haife shi a kowane hannu, don haka Cindo ya bi shi tun yana cikin tsumma. Iya, mahaifiyarsu, ko Cindon ba ta faɗa saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanka". Cindo ƙato ne mai surutu, in ya dawo gida tun daga zaure ake jin dariyarsa. Sha'aibu kuwa shiru-shiru ne tun yana yaro, kullum a bayan wansa yake tafiya. Ya yi makaranta har aji uku na sakandare a Gumel, ya bari shekarar da mahaifinsu ya rasu. Gonar da aka bar musu ba ta da girma, kuma yashi ce, gero da wake da ɗan riɗi suke zubawa. In damina ta yi kyau hatsin ya kai su bazara. In ba ta yi ba, tun tsakiyar rani Iya ke fara leƙa rumbu tana yin shiru.

Shekarar da Sha'aibu ya auri Ummukulsum aka buɗe wani kamfanin matse man riɗi da na gyaɗa a gefen hanyar Gumel zuwa Gagarawa. Cindo ne ya fara samun shiga, a dako, yana sauke buhuna daga mota. Bai yi wata shida ba injiniyan wurin ya lura da ƙarfinsa ya mayar da shi ɗakin boila, wato ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ake tafasa ruwa a cikinta don samun tururin da injinan ke aiki da shi. Da aka nemi mutum na biyu, Cindo ya ce yana da ƙane, kuma ƙanen ba ya magana balle ya ɓata lokaci. Haka Sha'aibu ya shiga. Babur ɗaya suke hawa, su fito daga Ɗanzomo da an idar da sallar asuba. Cindo ke tuƙi, shi ke surutu, Sha'aibu na baya yana riƙe da kwanon abincinsu.

Da farko ɓawon gyaɗa da itace ake hura wa tukunyar. A shekara ta biyu itace ya yi wuya, sai aka koma kwal. Tirela ke kawo shi daga kudu ta juye a bayan ɗakin, baƙin dutse mai sheƙi, mai nauyi, ko kusa bai yi kama da gawayin mai shayi ba. Aikin ba shi da wani ilimi mai yawa. Ka cika shebur, ɗan'uwanka ya buɗe ƙofar murhu, ka watsa can ciki, ya rufe. In toka ta taru ku kwashe. Haka daga safe har bayan la'asar, sannan masu aikin dare su karɓa.

Sha'aibu ya san hayaƙin wurin kamar yadda manomi ya san hadari. Da safe, in an tayar da wuta, baƙi ne wuluk yake fita daga dogon bututun da ke saman ginin. In wuta ta kama sosai, cikin murhun ya yi fari fat har ido ba ya iya kallo, sai baƙin ya ɓace. A lokacin ne in ka ɗaga kai za ka ga wani siririn hayaƙi ja-ja, kalar tsatsa, yana bin iska ta kan gonakin da ke gabas. Injiniya na son ganinsa. Yakan fito ya kare ido da hannu ya ce, "Yauwa, yanzu wuta ta yi." Ma'aikata jan hayaƙi suke ce masa. Yana da wari mai kaifi, ba irin na itace ba, kuma ranar da iska ta kwanta yakan sauko tsakar kamfanin, kowa ya wuni yana gyaran murya.

Duk ran Juma'a ana ba 'yan boila gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Sha'aibu yakan shanye nasa a wurin. Cindo kuwa gida yake kai wa 'ya'yansa, in aka yi masa magana ya daki ƙirji ya ce nasa irin na bijimi ne, ba ya buƙatar wanki. Shekara bakwai suka yi haka. Tarin safe ya zame musu kamar alwala, su yi shi a bakin rijiya, su tofar da baƙin majina, su hau babur.

Abin ya faru wata Laraba a farkon damina. Ran Asabar da ta wuce Ummukulsum ta haifi 'ya mace, bayan ciki biyu da suka zube mata a baya, ana shirin suna Asabar mai zuwa. Da suka isa kamfani da sassafe sai suka tarar masu aikin dare na tsaye a waje, ɗakin boila ya turnuƙe. Hayaƙi ya ƙi fita ta bututu, yana dawowa ciki. Hanyar da yake bi daga murhu zuwa gindin bututun ce ta toshe da toka. Wani lungu ne na bulo mai kama da kwalbati, yana da 'yar ƙaramar ƙofar ƙarfe a gefe, mutum sai da rarrafe yake shiga. Sun taɓa share shi sau da yawa, amma a ƙa'ida sai an kashe wuta an bar wurin a buɗe kwana biyu ya huce, iska ta ratsa shi.

Ranar injiniya ya tafi Kano. Manaja ya zo ya tsaya a bakin ɗakin yana duba agogo, ya ce ga motoci can a ƙofa suna jiran mai, ba zai yiwu a tsaya kwana biyu ba. A danne wutar da toka, a jira awa biyu, a shiga. Aka danne. Amma kwal ba ya mutuwa da wuri, ta ƙasa yana nan yana ci.

Suka jiƙa ƙyalle suka ɗaure hanci, kowa ya ɗaura tocila a goshi. Cindo ya shige gaba, Sha'aibu na binsa. Da zafi a ciki, amma ba wanda ya fi ƙarfinsu ba. A hasken tocila iskar wurin ja-ja take, irin kalar nan da suke gani a saman bututu, sai dai a nan ta fi kauri. Ba ta yi musu wani yaji a ido ba, ɗan ƙaiƙayi ne kawai a maƙogwaro, shi ya sa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Cindo na farfasa tokar da ta daskare yana turowa baya, Sha'aibu na ja zuwa ƙofa. Bayan kamar kwata na awa Cindo ya juyo ya ce, "Wannan guntuwar ba ta kai ba. Fita ka ɗauko mini doguwar shebur ɗin nan da ke bayan tanki."

Sha'aibu ya fito. Shebur ɗin na nan inda aka ce, bai sha wuyar nema ba. Amma an yi ruwa da asuba, iskar waje na da sanyi da ƙanshin ƙasa, sai ya kwance ƙyallen ya tsaya yana shaƙa. Ya je famfo ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya zauna a kan wani bulo. Minti goma ne ko fiye, bai sani ba har yau. Da ya koma ya tura shebur ɗin ta ƙofa, ya durƙusa zai shiga, sai muryar Cindo ta fito daga ciki.

"Tsaya nan kana karɓar toka, angon ƙarni. Wurin nan ba ya ɗaukar mutum biyu."

"Yaya, ka fito in karɓe ka."

"Kai dai ja tokar. Saura kaɗan."

Saura kaɗan ɗin ya kai kusan awa guda. Cindo ya fito fari fat da toka, idanunsa jajur, ya yi tari biyu ya tofar, ya yi dariya. Ya yi wanka a famfo, ya je bakin ƙofa ya ci ɗanwake kwano biyu. Aka tayar da wuta, hayaƙi ya bi bututu sumul, manaja ya zo ya yi musu sannu har da dafa kafaɗa. Suka yi aikinsu. Da azahar Cindo ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ɗanwaken ne bai faɗa ba. Da la'asar surutunsa ya ragu.

Sun tashi sun kama hanyar gida, sun kusa shiga Gumel, sai Cindo ya gangara gefen titi ya tsayar da babur.

"Karɓi tuƙin nan," ya ce.

Shekara bakwai bai taɓa faɗin haka ba. Sha'aibu ya koma gaba. Ba su yi nisa ba ya ji kan wansa ya kwanta a bayansa, yana jin numfashinsa na ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Can ya ji rigarsa ta jiƙe. Da ya waiga, kumfa ce ke fita daga bakin Cindo, fara da ɗan jini-jini, leɓunansa sun yi shuɗi. Bai tsaya ba, ya sa hannu ɗaya ya riƙo shi ta baya, ya karya kan babur ya nufi asibiti.

Aka ɗauke Cindo a kan gadon turawa aka sa masa robar iska a hanci. Likitan da ke aiki, wani matashi mai suna Abdulmuhaimin, ya tsayar da Sha'aibu yana tambayarsa abin da ya faru. Yana cikin bayani ya ji maganar na yanke masa. Likitan ya dube shi, ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya ce, "Kai ma ka shiga wurin?"

"Na shiga. Amma ban daɗe ba."

"Zo ka kwanta."

Ɗaki daban aka sa shi. Washegari da hantsi Malam Ɗantala, maƙwabcinsu kuma abokin mahaifinsu, ya shigo ya tsaya a gefen gado yana murza hula a hannu. Ya ce, "Sha'aibu, sai haƙuri. Habibullah lokaci ya yi."

Sha'aibu ya yi salati yadda ake yi. Sannan ya jira abin da zai taso masa daga ciki. Ya san ya kamata wani abu ya taso, ya ga yadda mutane ke yi, shi kansa ya yi kuka ranar da mahaifinsu ya rasu har sai da aka riƙe shi. Bai ji komai ba. Ya kalli ledar ƙarin ruwan da ke rataye a kansa, tana ɗiga ɗaya bayan ɗaya, ya ga ta kusa ƙarewa, ya ce wa Malam Ɗantala ko zai kira ma'aikaciyar jinya ta canza. Kafin azahar aka binne Cindo a Ɗanzomo, yana kwance a Gumel. Ran Asabar aka raɗa wa jaririyar suna a masallaci ba tare da taro ba. Malam Ɗantala ya sake zuwa ya ce an sa mata Sumayya. Sha'aibu ya ce Allah ya raya.

Ranar da za a sallame shi, bayan kwana tara, likita Abdulmuhaimin ya jawo kujera ya zauna. Ya ce in kwal ya ci wuta da zafi sosai akwai iskar da ke fita, su a asibiti naitirojin oksaid suke ce mata, ita ce jan nan da suka gani. Ba ita kaɗai ce a cikin hayaƙin ba, akwai wasu, amma yadda ciwon ya zo musu alamarta ce. "Muguntarta," in ji shi, "ba ta cika damun hanci da ido lokacin da mutum ke shaƙa ba, balle ya gudu. Wucewa take can ƙasan huhu, ta haɗu da danshin wurin ta zama kamar ruwan batir. Mutum ya fito yana jin lafiyarsa ƙalau, sai bayan awanni huhun ya fara tara ruwa. Ko wadda kuke shaƙa kaɗan-kaɗan a tsakar kamfani shekara da shekaru, ita ma tana cin ƙirji a hankali."

Sha'aibu ya ce, "Minti nawa take yi ta kashe mutum?"

"Ba ta da ƙa'ida. Ya danganta da yawanta da daɗewar mutum a ciki. Me ya sa ka tambaya?"

"Ba komai."

Likitan ya ce ya kula, wani lokaci ciwon kan lafa sannan ya dawo bayan sati biyu ko uku. In ya ji zazzaɓi ko numfashi ya fara yi masa wuya, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya zo.

Ya koma gida an riga an tashi daga zaman makoki. Murja, matar Cindo, na ɗaki cikin takaba, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa, ta amsa da kuka, ya jira ta gama ya wuce. Iya ta dube shi tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ka dawo?" Ya ce, "Na dawo." Ummukulsum ta miƙo masa jaririyar. Ya karɓa ya duba fuskarta da kyau, ya ga tana da dogon hanci irin na uwarta, ya riƙe ta kamar an ba shi ajiyar wani, da ya ga ya isa ya mayar. Mutane na ta zuwa yi masa ta'aziyya da jaje a haɗe. Yana amsawa daidai, ba ya kuskure ko ɗaya. Aka riƙa cewa Sha'aibu akwai tawakkali.

Sati uku cif ciwon ya dawo kamar yadda aka faɗa. Wannan karon wata guda ya yi a kwance. Da ya tashi aka ce masa ƙananan hanyoyin iska na huhunsa sun yi tabo, sun tsuke, kuma abin da ya tsuke ba zai sake buɗewa ba. Aka ba shi inhela, ɗan abin fesawa a baki in numfashi ya ƙi.

Kamfani ya aiko da mutane uku da buhun shinkafa da jarkar mai. An ce an sauya manajan. Bayan kaka, wata safiya, Ummukulsum ta fito ta ga Sha'aibu yana goge babur ɗin Cindo.

"Malam, ina zuwa?"

"Aiki."

"Wurin da ya cinye Yaya za ka koma?"

"To ina zan je?"

Ta tsaya da Sumayya a kafaɗa tana kallonsa. Gidan yanzu bakuna takwas ne, kuma shi kaɗai ne namiji babba. Ya tayar da babur ya tafi.

A ɗakin boila ya tarar da wanda aka ɗauka a madadin Cindo, wani Bafulatani daga wajen Sule Tankarkar mai suna Hamma, wanda shanunsa suka ƙare ya shigo aikin kamfani. Hamma ya ji labari, don haka da ya ga Sha'aibu ya nufi wajen 'yar ƙofar nan sai ya kau da kai ya ba shi wuri. An shafa wa ƙofar jan fenti an sa mata kwaɗo. Sha'aibu ya tsaya ya kalle ta na ɗan lokaci. Ƙofa ce dai. Ya ɗauki shebur ya ce wa Hamma ya buɗe murhu.

Bayan wasu watanni jami'an kula da muhalli suka zo da na'urori a cikin akwatuna. Biyu suka hau tsanin bututu suka zura wani ƙarfe ta wata huda, suna kallon lambobi suna rubutawa. Shugabarsu, wata dattijuwa da suke kira Hajiya A'i, ta sa aka kira mata Sha'aibu ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ta ce ya ba ta labarin ranar, in ba zai takura ba. Ya ba ta tun daga isowarsu har zuwa asibiti, a jere, kamar mai kwatanta wa baƙo hanyar tasha, yana tsayawa yana jan numfashi yana ci gaba. Da ya kai wurin da kan Cindo ya kwanta a bayansa sai ya ga ta ajiye biro ta sa gefen mayafi tana share ido. Ya jira ta gama, yana mamakin abin da ya taɓa ta haka, ita da ba ta ma san Cindo ba.

Bayan tafiyarsu aka ƙara wa bututun tsawo, aka kafa allo mai ɗauke da dokoki a bakin ɗakin, aka raba wa 'yan boila takunkumi mai roba. Sha'aibu ya gwada nasa ya ji numfashi ya ƙara yi masa wuya, sai ya riƙa rataye shi a wuya. Jan hayaƙin bai daina fita ba, ya dai ƙara nisa, yanzu sai ya tsallake gonakin kusa ya sauka can gaba.

Shekara ɗaya da rabi ya ƙara yi. Hamma na rufa masa asiri, ya watsa shebur uku kafin shi ya watsa ɗaya. Wata rana da hantsi ya cika shebur, Hamma ya buɗe ƙofa, ya ɗaga zai watsa hannun ya ƙi. Ya tsaya da ita a sama yana neman iska. Ya sauke ta a hankali, ya jingina ta da bango, ya ce, "Hamma, rufe." Ya je ya wanke hannu, ya ɗauki kwanonsa ya fita. Bai sake komawa ba. Bayan shekara biyu kamfanin ya tsaya da aiki. Wasu sun ce kwal ne ya daina zuwa, wasu sun ce masu shi ne suka saɓa. Bai tambaya ba.

Murja ta gama takaba ta koma gidansu a Gagarawa, daga baya ta yi aure can. Ta tafi da ƙaramar 'yarta, manyan biyu suka zauna a wurin Iya. Noma ya fi ƙarfin Sha'aibu, in ya sunkuya kunya biyu sai ya zauna, don haka ya ba da rabin gonar aro, rabin kuma 'yan'uwan Ummukulsum ke taya shi. Malam Ɗantala ne ya koya masa tufka, don sana'a ce ta zaune. Ya warware tsofaffin buhuna ya fitar da zaren, ya murza a cinya, ya tufka. Hannunsa ya faɗa da wuri, igiyarsa ba ta tsinkewa, Fulani har daga ƙetaren iyaka suna tambayar ta Boila. Ya sayar da babur ɗin saboda iskar hanya na shaƙe shi. Duk wata uku yakan shiga motar haya ya je Gumel ya hura iska a cikin wani bututun roba, a duba, a ce ya ci gaba da magani. Ummukulsum ta ƙara haifar maza biyu. Yana ciyar da kowa, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, in yaran suka yi abin dariya yakan duba fuskokin mutane ya ga ana dariya, sai shi ma ya ɗan buɗe baki.

Shekara takwas Iya ba ta tambaye shi komai game da ranar ba. Sai kakar bara, wata rana bayan azahar, suna zaune su biyu a inuwar rumbu, ita tana ɓarar wake a faifai shi yana tufka. Yara sun tafi islamiyya, Ummukulsum na madafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da kuna cikin ramin nan, me yayanka ya ce maka?"

"Cewa ya yi in ɗauko masa doguwar shebur."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kuma in tsaya a waje in riƙa jan toka."

Ta ci gaba da ɓara. Shi ma ya ci gaba da murza zare. Can ya ce, "Iya, da na fito ban koma nan da nan ba. Shebur ɗin na hannuna. Na tsaya na sha iska, na sha ruwa, na zauna. Shi yana ciki."

Sai da ya huta sau huɗu kafin ya gama faɗa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Hajiya A'i da ya ba ta labari a jere ya tsallake wannan wurin. Ya zaci in ya faɗa zai ji wani abu ya motsa, ko nauyi ko sauƙi. Ya saurara.

Iya ta tattara ɓawon waken da ke cinyarta ta zuba a gefe. Ta bushe ƙaiƙayin da ke cikin faifai. Ta ce, "Da ka koma da wuri, da biyu zan rasa."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ɓawon, Iya ta kore ta da bayan hannu. Sha'aibu ya duba cinyarsa ya ga zaren ya warware, bai san lokacin da ya sake shi ba. Ya kama bakin ya fara murzawa daga farko.

Daga madafa Ummukulsum ta ɗaga murya ta ce abinci ya sauka, a kawo nan ne ko zai shigo.

Ya ja numfashi, ya jira ya isa, sannan ya ce, "Kawo nan."